Na Sha Tara a Allo

Shekara bakwai ina karen mota.
Ni ne mai sa waigi a bayan taya in an tsaya a kan tudu,
ni ne mai jan tamfol in hadari ya haɗo a Kintampo,
ni ne mai kwana ƙarƙashin tirelar Baba Gariba
sauro na karanta mini darasi har asuba.

Yau ga lasisi a aljihu, sabo ful,
ga mota ta amana, mai taya goma,
an ce in biya balas duk Juma'a.
Na wanke ta a Aboabo har ina ganin haƙorana a jikinta.

Sai na zo tasha.
Ɗan kamasho ya ɗauki alli, bai ko dube ni ba,
ya rubuta Mumuni a ƙasan allo,
na sha tara,
inda ruwan sama ke fara lashewa.

Na ce ina kaya suke?
Aka ce suna Tema, kwantena kan kwantena,
masu tafiya Wagadugu, masu tafiya Yamai,
amma mai kaya can ba ya tambayar takarda,
furfura yake ƙirgawa.
Aka ce doya na Techiman, sai dai ka makara,
sabuwa ba ta fito ba, tsohuwa ta ƙare.
Koko na Sefwi, na masu kamfani ne.
Albasa kuwa ta zo da direbanta tun daga Galmi,
da shi za ta koma.

Kwana goma sha ɗaya.
Na san kowane fashi a jikin bencin mai shayi.
Ƙadangare ya kama haya a kan tayata ta baya.
Adiza ta daina tambaya in na shigo gida,
hannuna kawai take kallo,
sannan ta rage wutar murhu.

Baba Gariba ya wuce, ya danna mini oda sau biyu,
ya leƙo ya ce, yaro,
tuƙi ka koya a wurina, jira sai ka koya da kanka.

Ran Talata da la'asar
wata mata ta shigo, zaninta duk garin siminti,
Maame Serwaa, kuɗi a ƙulle a bakin gyale.
Kwanon rufi ne da siminti buhu ɗari biyu, zuwa Bawku.
Na ɗaya ya tuna yana da suna a gida.
Na biyu ya ce birkinsa na kuka.
Na biyar ya yi lissafi a tafin hannu:
hanya ta ci, kuma dawowa fanko,
wa zai sha dizal don ya yi dakon iska?
Haka allo ya yi ta zubewa ƙasa
har ya iso kan sha tara.

Ban yi ciniki mai kyau ba, na sani.
Ribar ba ta fi ta kenke da kifi ba.
Amma da igiya ta yi ƙara a kan lodi,
da mota ta durƙusa kaɗan kamar raƙumi ya karɓi kaya,
sai na ji wani abu ya zauna a ƙirjina.

Mun wuce Suame, masu walda na kashe wuta.
Yarona Fuseini ya ce, Oga, me za mu ɗauko a dawowa?
Na waiga in ga wa yake kira.
Sannan na ce, gero, ko shanu, ko babu.
Sa hannu ka gyara mini madubin can.