Ƙanƙarar Farin Gada

Ƙarfe tara na ja rabin ƙofar kemis,
na bar rabi saboda mai zazzaɓin dare.
Sanyin Jos ya shigo ba sallama,
ya zauna a benci kamar mai jiran allura.
Na gyara mayafi, na buɗe wayata mai tsagaggen gilashi,
babi na goma sha bakwai.

Can wata ƙasa da ban san launin kuɗinta ba
ƙarti biyu na gudu a kan ruwan da ya daskare,
wuƙaƙe a tafin takalmansu,
gora a hannu, suna korar wani ɗan baƙin abu
mai kama da masar da aka manta a tanda.
Ɗaya kyaftin ne, haƙoransa biyu sun tafi a bakin aiki.
Ɗayan ɗan hamayya, bakinsa kamar attarugu.
Gaban mutum dubu ashirin suna maka juna da bango.
Bayan an tashi, a wani lungun otal,
wannan ya tambayi wancan ƙasa-ƙasa:
kafaɗar fa, da sauƙi?

Nanret ta leƙo ta bayana tana ƙirga canji.
"Ke da ko firjinmu ba ya ƙanƙara,
me ya haɗa ki da waɗannan?
Kuma ko mace ɗaya babu a tsakani."

Na ce ai shi ne daɗin.
Ba wadda zan auna ƙuguna da nata,
ba wadda za a ce ta yi haƙuri tun shafi na biyu.
Ba a tambayi wa zai dafa ba.
Ƙarfi ɗaya, tsoro ɗaya,
kowa da abin da zai rasa in aka ji.
Ni dai ina son in ga namiji cikin sulke,
hular kwano, kafaɗun roba, safar hannu kamar ta maƙeri,
yana cire su ɗaya bayan ɗaya
har a iso inda yake rawar ɗari.

Ta ce hmm, ta koma kan ƙirgarta.
Ban gaya mata sauran ba.

Ban ce mata Yaya Mudi ba,
da shagon walda a Bukuru,
shi da Gyang, shekara tara,
kofin shayi ɗaya, rediyo ɗaya,
faɗa kan ƙwallo har maƙwabta su fito rabo.
Ran da tartsatsi ya shiga idon Yaya
na ga yadda Gyang ya riƙe masa haɓa
yana hurawa a hankali,
kamar mai tsoron kashe fitila.
Ina 'yar sha uku. Na kau da kai
ban san me ya sa ba.

Yaya na Legas yanzu, ba ya zuwa ko da salla.
Gyang kan biyo duk ƙarshen wata
ya sayi farasitamol ɗin da na san bai buƙata,
ya tsaya yana juya ledar,
sannan ya ce, mutumin naki yana lafiya?

A littafin, na riga na leƙa ƙarshe.
Za a ɗaga kofi, za a kashe fitilun fili,
za su fita ta ƙofa ɗaya
kuma sama ba za ta faɗo ba.
Shi ya sa nake sayen data da kuɗin abincin rana.

Sai ga shi kwano ya ɗauki ƙara,
ƙanƙara ce, irin tamu ta nan,
tana tsalle a kan kwalta kamar gyaɗar da ta zube.
Masu tumatir na rige-rigen rufe kwanduna.
Na miƙa hannu waje na cafe guda.
Ko kunamar da ke ƙarƙashin dutse
ba za ta iya gudu a kan wannan ba.

Na riƙe ta har ta zama ruwa,
na goge tafina a zani,
na juya shafi.