Jadawalin Tokuji

Shekara arba'in mijina na jan jirgin ƙasa
daga Morioka zuwa bakin teku,
bai taɓa makara da minti ɗaya ba
ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Yau ga shi durƙushe a kan tabarma,
ya baje taswirar filin wasa
kamar likitan da zai yi tiyata.

Mu uku ne, dukanmu baƙi:
ni, da shi, da jikarmu Chiharu
mai shekara bakwai da giɓi biyu.
Ba wanda ya taɓa taka ƙofar wurin.

"Fusae, rubuta," in ji shi.
"Takwas saura kwata muna bakin ƙofa,
tikiti a aljihuna na hagu.
Da an buɗe, jama'a za su kwarara dama,
mu sai mu yi hagu, da sauri, ban da gudu.
Farko kwale-kwalen da ke fesa ruwa,
don rana ta samu sukunin busar da mu.
Sha ɗaya mu ci abinci,
kafin yunwar kowa ta farka
layi ya yi wutsiya."

Na ce, bayi fa?
Ya ɗiga ja a wuri shida.
Na ce, in yarinya ta ɓace?
Ya ce gindin babban agogo,
ya sa ta maimaita har ta soma hamma,
ni kuwa na ɗinke lambar wayarmu
a cikin wuyan rigarta.

Sai dai akwai abin da na lura.
Jirgin nan mai hawa sama
ya kifa mutane kai a ƙasa,
wanda hotonsa ya cinye rabin takarda,
fensirin Tokuji ya kewaye shi
kamar mai sabon takalmi a bakin kududdufi.

Chiharu ta dangwala yatsa.
"Wannan fa, Kaka?"
Ya yi gyaran murya. "Akwai doka.
Sai mai santimita ɗari da ashirin."
Muka jingina ta da ginshiƙin ƙofa
inda zanen tsawon uwarta bai goge ba.
Saura kaurin ɗan yatsa.
Ajiyar zuciyar da ya yi
sai da ta ɗaga gefen taswira.

Ba ta yi kuka ba.
Ta cinye shinkafa kwano biyu,
ta shanye madara,
ta kwanta sambal tana miƙe yatsun ƙafa.

Na dunƙula shinkafar guzuri,
na naɗe rigunan ruwa uku,
na kashe fitila.
Can cikin duhu na ji muryarsa:
"Jirgin da ba ya zuwa ko'ina,
ya sauke ka inda ya ɗauke ka,
ba direba, ba tasha.
To wa ke riƙe da birki?"
Na ce, yi barci, malam.

Kafin hankaki su tashi
yarinya ta yaye mana bargo.
Wai malamarsu ta ce
mutum ya fi tsawo da sassafe.
Muka koma ginshiƙi da magagi,
ya ɗora littafi a kanta, ya ja layi.
Ɗari da ashirin cif.

Ya auna sau uku.
Ya cire tabarau, ya goge, ya sake.
Mutum ne da bai taɓa yi wa ma'auni ƙarya ba.

Ya ɗauki fensir, ya soke kwale-kwale,
ya rubuta: takwas da minti biyar,
babban jirgi,
kafin rana ta rage mata tsawo.
Rubutun ya ɗan karkace.

Muna ɗaura takalma ya ce,
"Fusae, maganin jirin nan fa?"
Na ce, aljihunka na dama.
Tun jiya na sa.