Abin da Nejla Ba Ta Rubuta Ba

Na fita ladan bai gama kiran asuba ba,
raɓa ta jiƙe mini bakin wando.
Nejla takan ce wardin da rana ta riga ka gani
ya sayar da rabin ƙamshinsa.
Shekara arba'in da ɗaya ina jin maganar nan
daga cikin bargo.
Yau ni ne riƙe da kwandon.

Gindi shida ne a bayan gidanmu,
nan gefen Isparta, inda dutse ke riƙe ƙanƙara har fure ya buɗe.
Ba wanda ya gaya musu ta rasu.
Sun yi fure kamar an biya su lada.

A kicin na buɗe littafinta mai baƙin bango,
shafin da yatsa ya bar wa tabon mai:
"Fure cikin tafi huɗu.
Sukari kofi biyu, ruwa kofi biyu.
A yanke farin gindin, ɗaci gare shi.
A sauke tukunya kafin a zuba."
Shi ke nan. Layi huɗu, ko sannu babu.

Na zauna da almakashin ɗinkinta
ina bin kunnen fure ɗaya bayan ɗaya,
da hannun da bai san komai ba sai sifana da baƙin mai.
Wani ɗan ƙwaro kore ya fito daga tsakiya,
ya hau babban yatsana, ya tsaya.
Na raka shi taga.

Sukari ya narke, ruwa ya yi garau.
Na sauke, na zuba, na rufe,
na sha shayi sau biyu a tsaye.
Da na ɗaga murfi sai gabana ya faɗi.
Furen ya koɗe, ya yi laushi kamar tsumma,
ruwan ya koma toka-toka, sai ka ce na wanke-wanke.
Nata kuwa ja ne,
jan da ke sa jikoki su leƙa kwalba ta hasken taga.

Na sake karantawa. Na juya shafi, miyar wake ce.
Na ce, Nejla, saura me?
Firji kaɗai ya yi gurnani.

Ƙamshi ba ya neman izinin katanga.
Sai ga Feride, maƙwabciya, da silifa ƙafa daban-daban,
ta leƙa tukunya, ta dube ni,
ta yi dariya har ta dafa ƙofa.
"Tahsin, ina lemon tsami?"
Na ce ba ta rubuta ba.
Ta ce, "Wa ke rubuta wa kansa sunansa don kada ya manta?"

Ta raba lemo biyu, ta miƙo mini rabi.
Ɗigo ɗaya. Ɗigo biyu.
Jan ya taso daga ƙasan tukunya a hankali,
kamar yadda yake taso wa Nejla daga wuya zuwa kunne
in na faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi.
Feride ta daina dariya.
Ta ce ta bar madara a wuta, ta fita.

Na tace da farin ƙyalle, ban matse da ƙarfi ba.
Maɗin ya cika kwalba uku:
ɗaya ta Aysel, in an sami mai zuwa Izmir,
ɗaya zan miƙa ta kan katanga,
ɗaya ta tsaya inda take tsayawa kullum, bayan tulun zaitun.

Da magariba na sa cokali biyu a ruwan sanyi.
Zaƙin ya ɗan zarce nata.
Wataƙila kofinta bai kai nawa ba,
wataƙila tana ragewa ne saboda sukarina, ba ta faɗa.

Na nemo fensir a aljihun tebur.
Ƙarƙashin layinta huɗu, masu tafiya a miƙe,
na sa nawa, karkatacce:
"Rabin lemon tsami."