Kai Ɗari Tara

Takardar tana aljihun da nake sa reza.
Ta yi laushi kamar tsumma,
lambar ce kaɗai ba ta koɗe ba:
dubu ɗaya da ɗari huɗu da sha bakwai.
Ranar da aka ba mu ita Uwaisu na aji biyar.
Yau takalmina yake zurawa in zai je masallaci,
kuma ba ya yi masa yawa.

Likitar ta ɗaga leɓensa da ɗan madubi,
ta ce fiƙa ta ɓata hanya ta hau dasashi,
na gaba biyu sun yi gaba, sun bar 'yan'uwa a baya.
Za a sa masa waya, in ji ta, kyauta ne,
sai dai akwai layi.
Na ce ina ƙarshensa?
Ta dubi kwamfuta, ta dubi bango,
ta ce kada in kashe wayata.

To ga ni tsakanin waya biyu,
wadda za ta kira ni
da wadda za ta kama bakin ɗana.

Ni mai aski ne a Makka, can bayan Marwa.
Wanda ya gama sa'ayi, kansa nawa ne.
Riyal goma, bisimilla, sabuwar reza.
Na aske Baturke, na aske mutumin Jawa,
na aske wani tsohon Gusau da ya yi kuka
don ya ji Hausa a bakina.
Duk suna yi wa madubi murmushi in an gama.
Ni haƙoransu nake kallo yanzu,
abin da da can ban taɓa yi ba.

Akwai wani asibitin kuɗi a Aziziyya,
ƙofar gilas, ƙamshin turaren wuta,
kifaye na yawo cikin bango.
Can babu layi. Gobe ma, in ka shirya.
Yarinyar kanta ta rubuta mini a bayan kati:
dubu tara, ana iya biya kashi-kashi.
Ban ga riyal ba, kawuna na gani,
ɗari tara, a jere, a sunkuye,
tun daga kujerata har bakin titi.
Ban da hayar kujerar. Ban da shinkafa.

Hajja Ladidi ta ce mun cika fitina.
A zamaninsu a Shara Mansur
wa ke ɗaure haƙori kamar ɗan akuya?
Ita wushiryarta ce ta kawo mata babana.
Na yi shiru. Ba ta ji abin da ake kiransa a makaranta ba.
Zomo.
Ba ta lura ya daina cin tuffa a gaban mutane ba,
ko yadda tafinsa ke riga dariyarsa isa baki.
Yaron da ke jan Tabara har malam ya lumshe ido
yanzu a sahun baya yake karatu, cikin wuyan riga.

Na sami gwangwanin madara, na huda murfin.
Azumi ya yi mini kirki, kawuna kamar ƙanƙara.
Bayan Salla kasuwa ta kwanta.
Jiya na ƙirga: ɗari shida da sha biyu.

Da la'asar sai wayar ta yi ƙara.
Na bar wani rabin kai da kumfa, na fita.
Saƙo ne: in har kuna jira, latsa ɗaya.
Na latsa ɗaya.
Na koma na ƙarasa kan bawan Allah.

Da dare ƙanwarsa ta zame a kan sabulu,
ta tashi tana zagin sabulun.
Uwaisu ya tuntsire, ya manta da hannunsa,
duk suka fito fili, karkatattu, farare tas.
Na kau da kai don kada ya tuna.

Tsakanin haƙori da haƙuri harafi ɗaya ne.
Shekara biyu ke nan ina tafiya a kansa.