Gadar da ta Karye a Kan Baba

Shekara arba'in Baba Tanimu
yana zuba aska takwas a ƙirjin riga
a zaurenmu na Rimin Tsiwa.
Ran wata Talata, bayan la'asar,
allura ta faɗi, baki ya karkace.

A Shika na ɗora masa ita a tafin hannu.
Ya dube ta, ya san ta,
yatsun hagu suka lalube ta har kunne.
"Yaya sunanta, Baba?"
Ya ce, "Cokali."
Ya girgiza kai, ya sake: "Cokali."
Sai hawaye.

Dakta Zulai ta kara hoton kansa da hasken taga,
ta ce, "Ƙwaƙwalwa gari ce, ba ɗaki ɗaya ba.
Ido ya ɗauko, can ƙeya ake gani.
Wajen kunne ake taskar sunaye,
gaba kuma a ɗaura wa harshe kayan magana.
Ka taɓa ganin an ɗaura aure a Birni
ba a aika Sabon Gari sayen goro ba,
ba a kira 'yan'uwa daga Samaru ba?
Mutanen suna nan, goron yana nan.
Gada ce ta karye."

Na tuna daminar da rafi ya cinye hanyar ƙauyen kakata.
Kwana biyu ba shiga ba fita,
sannan wani ɗan acaɓa ya ratsa gonar dawa,
wani ya bi sawunsa, wani ya bi,
kafin kaka turba ta fito fes.

Muka koma gida muna taka turba.
Kullum da hantsi: ga zare, ga almakashi, ga ita.
Zare ya dawo a wata na biyu.
Almakashi ya zo, ya tafi, ya sake zuwa.
Ita kuwa shiru,
cokali, cokali,
har na daina tambaya.

Jiya na ɗauko rigar da ya bari rabi,
na zauna gabansa ina ta kwaɓa,
ɗinki na tafiya kamar sawun kaguwa.
Ya kalla, ya kalla, jijiyar wuya ta tashi:
"Kai Shitu! Wa ya koya maka riƙon allura haka?"

Zaure ya yi tsit.
Shi ma ya ji ta.
Ta bayan gari ta zagayo,
ta unguwar fushi,
ƙafarta duk taɓo.