Fatalwa Mai Shaƙuwa

Ni ke yaga tikiti a bakin ƙofa,
ni ke share ɓawon gyaɗa in an watse,
a tsohuwar silimar nan ta gindin tudun Valparaiso,
inda iskar teku ta cinye fentin bango.
Sau goma sha tara na ga fim ɗin.
Yanzu na ba allo baya, fuskoki nake kallo.

Labarin ba shi da tsawo.
Wani matuƙin jirgin ruwa ya nitse da shaƙuwa a maƙoshi,
shekara sittin bai huta ba,
sai ya faɗa son wata mai gyaran agogo.
Shaƙuwa biyu ta haɗu masa, ta wuya da ta zuciya.
Da ya buɗe baki zai faɗi abin da ke ransa,
hik! sai agogunan shagon su koma baya da minti guda.
An ce firgita ke maganin shaƙuwa.
To, wa zai firgita wanda ya riga ya mutu?

’Yan makarantar layin baya
kan cafe hik ɗin tun bai iso ba,
su yi ta jefa wa juna kamar ƙwallo
har sai na dalle su da tocila.

Don Baldomero, mai shekara talatin yana sauke kaya a bakin teku,
ya fito ana tsakiyar fim yana huci:
“Wanda ya nitse ba ya dawowa da busasshiyar hula.
Ku ba ni kuɗina!”
Ban ba shi ba.
Washegari ga shi da sabon tikiti,
wai ya zo ƙirga sauran ƙaryar.

Griselda da saurayinta sun shigo riƙe da hannun juna.
Ita kuka, shi hamma.
A matakala na ji ta tana tambaya:
“Da kai ne, za ka jira ni shekara sittin?”
Ya duba agogo, ya ce motar ƙarshe ta kusa tashi.
Ran Asabar da ƙawarta ta dawo.

Wani malamin jami’a mai gemu buzu-buzu
ya tsare ni da bayani, wai shaƙuwar nan
tarihin ƙasa ne ya maƙale a wuya.
Na ce to.
Takalminsa na kan sharata.

Sai Doña Fresia.
Layi na huɗu, kujera ta bakwai, kowace Laraba.
Tikiti biyu take saye.
Ta shimfiɗa tsohuwar rigar sanyi ta maza a kujerar gefe,
ta gyara mata wuya.
Ba ta dariya inda ake dariya.
Amma wurin da mai agogo ta ce wa fatalwa,
“Na gaji, gobe zan bar garin,”
tsoro ya kama shi, shaƙuwa ta tsaya cak,
ya faɗi maganar sarai,
ya narke kamar gishiri a ruwa,
silima ta yi tsit, ba ka jin komai sai jan hanci,
nan ne ita kaɗai ke tuntsirewa,
ta zunguri rigar da gwiwar hannu:
“Ka gani ko, Eleuterio? Da ka faɗa da wuri.”

Daren jiya na kashe fitilu, na ɗauki tsintsiya.
A layi na huɗu, ƙarƙashin kujera ta takwas,
na taka ruwa, bai fi cikin tafi ba.
Na dangwalo da yatsa, na ɗanɗana. Gishiri.
Rufinmu na yoyo, na sani,
sai dai wata biyu rabon gari da ruwan sama.

Na tsaya, tsintsiya a hannu,
ina tuna mai sayar da furanni a tsallaken titi,
wadda shekara shida ke nan
ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba.
Na buɗe baki in gwada sunanta a cikin duhu.

Hik.