Kalandar Usta Tanimu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda ƙasa baƙa ce kamar tsohon man inji,
nan garejin Usta Tanimu yake.
Ni ne mai miƙa sifana.

Akwai kalanda a bango, shekararta ta daɗe da mutuwa,
ƙuda ya yi mata zane, hayaƙi ya yi mata lalle,
amma wanda ya taɓa ta ya taɓa gemun Usta.
Kowane wata da motarsa.

In rana ta take, aiki ya lafa,
sai ya goge hannu a wando, ya ɗaga shafi:
Kalli wannan. Ford. Tsayinta iya ƙugunka.
Shekara huɗu a jere tana cinye tseren Le Mans,
daga yammacin yau zuwa yammacin gobe,
ba barci, ba a kashe inji a sha iska.
Jar Ferrari ta sha ƙurarta har ta ƙoshi.

Ya lashi yatsa, ya juya.
Porsche, mai dogon bindi, silinda goma sha biyu,
in ta miƙe hanya ko tsuntsu sai ya ba ta wuri.
Ga Mazda, ruwan lemo da kore kamar zanen 'yar ƙauye,
cikinta babu fistin ko ɗaya,
wani abu ne mai kusurwa uku yake ta juyi,
kukanta kuwa, an ce, har cikin haƙori ake jin sa.
Audi ita ce tasa.
Dizal take sha, in ji shi, irin na lorinmu,
ta zo shiru kamar mai bin bashi
ta wuce masu ihu.

Na ce, Usta, wace ce ta fi gudu?
Ya dube ni kamar na zuba ruwa a tankin mai.
Gudu? Ɗan akuya ma yana gudu.
Tambayi wadda asuba ta same ta da rai.

Wata rana Nafi'u ya zo da waya
muka taru gun Zulai mai shayi, kai bisa kai,
muna kallon wata Toyota da ta kwana a gaba,
ta yini a gaba,
saura 'yan mintuna a tashi, ta tsaya cik.
Zulai ta ce wayyo.
Usta bai ce komai ba. Ya bar shayinsa ya huce.
Da dare na gan shi yana sake ɗaure wata tiyo
da ya riga ya ɗaure tun da hantsi.

Shafin Disamba babu shi, ɓera ko yaro.
A gurbinsa hoto ne, an manna da ƙaro:
tsohuwar Bedford, wadda mutanen nan ke kira Sifinja,
da wani siriri a jikinta, gashi cunkus, yana dariya.
Wai shi ne.

Daminar da hanyar Doka ta zama kunu,
buhu tamanin na dawa a bayanta,
ƙauye uku na jira da tukunya a wanke.
Kwana uku. Direba ɗaya, ba uku ba.
Bel ya tsinke, ya yaga rawaninsa ya murɗa.
Lagireto ya huje, ya cusa sabulu da garin barkono.
Da ya iso ba tuta, ba mai ɗaukar hoto,
kofin da aka ba shi na shayi ne,
shi ma da tsaga a baki.

Yanzu idonsa ya yi hazo.
Motocin kalanda sun zame masa launi kawai,
amma ya san jerinsu kamar ƙidayar 'ya'yansa.
Da kunne yake aiki,
ya kwantar da kai a kan bonet kamar mai sauraron ciki.

Jiya na tambaye shi, cikin goma sha biyun, wa ya ci?
Yana ƙarƙashin wata Hilux, ƙafafu kawai a waje.
Ya miƙo hannu.
Sha huɗu, ya ce. Wannan sha uku ka ba ni.